Tambaya da Amsa: Kambas ɗin tsohon yayi ya ci kuɗinsa kuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na daɗe ina tara kuɗi don in sayi kambas irin na tsohon yayi da kamfanoni ke sake fitarwa, kamar Air Jordan ko New Balance 990. Yayana ya ce suna kawai zan saya. Shin ƙarkonsu ya kai tsadarsu? Daga mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Yayanka bai yi ƙarya ba, wani kaso na kuɗin tarihi ne kake biya. Air Jordan 1 ya fito a 1985 a kan dala 65, don Michael Jordan, ɗan wasan ƙwallon kwando na ƙungiyar Chicago Bulls a lokacin, yau kuwa farashinsa ya ninka haka fiye da sau biyu. New Balance 990 na 1982 tun fitowarsa dala 100 ne. Amma ƙarko ba a jikin tambari yake ba. Idan aka miƙo maka takalmin, kifa shi ka dubi ƙasansa.

Jordan 1 da Adidas Samba ƙasansu roba ce, kuma na Jordan 1 ɗin an ɗinke shi da fatar sama. Irin waɗannan suna shekaru a ƙafa, ko bakinsu ya buɗe mai gyaran takalmi zai sa gam ya danne. Jordan 3, Jordan 4 da Air Max 90 kuwa, tsakanin tafin ƙafa da robar ƙasa akwai wani soso da ake kira foliyuritan. Yana da daɗin taku, sai dai yana shan danshin iska a hankali har ya ruɓe daga ciki, wata rana sai ka ga yana marmashewa kamar busasshen burodi. Abin takaicin shi ne wanda aka ɓoye a kwali ana tattali ya fi saurin lalacewa a kan wanda ake sawa. Don haka in ka saya, ka riƙa taka shi ko da sau ɗaya ne a mako, kada kuma ka bar shi a but ɗin mota, zafin watan Afrilu yana sakin gam.

Samba da 990 suna da fata mai gashi-gashi, wadda ba ta shiri da ƙurar hunturu da taɓon damina. Burushi busasshe take so, ba ruwa da omo ba.

Shawararmu: in takalmi ɗaya za ka iya saya, kuma shi za ka riƙa zirga-zirga da shi, ɗauki mai ƙasan roba da fata mai santsi. In kuwa don ƙwallo ko gudu kake nema, bar tsohon yayi, sababbin ƙira sun fi shi sauƙin nauyi.

Tambaya: Ta yaya zan gane na jabu, musamman a gwanjo? Daga mai karatu a Maraɗi.

Amsa: 'Yar'uwa, fara da takardar da ke cikin takalmin. Lambar samfurin da ke jikinta dole ta yi daidai da ta kwali, kuma in kika rubuta ta a intanet ya kamata hoton wannan takalmin da launinsa su fito. Sai ki dubi ɗinki: zare a miƙe, tazara ɗaya, ba gam da ya tsiyayo a gefe. Ki jera ƙafafun biyu a kan tebur, duga-dugansu su zo daidai. Warin gam mai hawa kai ma alama ce.

A gwanjo kuwa, na asali ma zai iya cutar ki in ya tsufa. Takardar cikin takalmin Nike, kamfanin da ke yin Jordan da Air Max, tana ɗauke da watan da aka ƙera shi. In ya haura shekara bakwai ko takwas kuma mai soso ne, ki danna gefen ƙasan da babban yatsa. Idan ya lotsa bai dawo ba, ko ya yi tsage-tsage, ki ajiye wa mai shi kayansa ko nawa ya rage miki.