Insulin da zafin Tawa: ina za a ajiye ta idan wuta ba ta tsayawa?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Daga Tawa nake. Ɗana mai shekara 12 yana da ciwon sukari, ana yi masa allurar insulin safe da yamma. Muna da firigo amma wuta ba ta tsayawa, shi ya sa nake sayen ƙanƙara ina ɗora kwalbar a kai cikin kula. Daidai nake yi?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama, Allah ya ba yaro lafiya. Ki daina ɗora kwalbar kai tsaye a kan ƙanƙara. Insulin da ta daskare ta mutu, ko ta narke ba ta dawowa, kuma sau da yawa ido ba ya gane hakan. Zafi yana rage mata ƙarfi sannu a hankali, daskarewa kuwa dare ɗaya ta isa. Idan dole sai kula, a naɗe ƙanƙarar da tawul, a sa kwalbar cikin ƴar roba mai murfi a gefe.

Ki raba insulin ɗinku gida biyu. Wadda ba a buɗe ba tana son sanyin digiri 2 zuwa 8. Wurinta shi ne tsakiyar firigo, cikin kwalinta, nesa da gidan ƙanƙara da bangon baya, don nan ne abu ke daskarewa. Ƙofa ma ba wurinta ba ne, kowace buɗewa iskar ɗaki ce ke bugunta. In an ɗauke wuta, a bar firigon a rufe. Yana riƙe sanyinsa kamar awa 4 muddin yara ba sa zaryar ɗaukar ruwa. A watannin Afrilu da Mayu kada ki tara da yawa, ki karɓi ta wata ɗaya.

Wadda aka riga aka buɗe ba ta buƙatar firigo. Yawancin kamfanoni sun yarda a yi amfani da ita kwana 28 a wurin da bai wuce digiri 25 zuwa 30 ba. Wasu nau'o'in sun fi haka, takardar cikin kwali za ta faɗa. Matsalar ita ce ɗakin kwano a Tawa da bazara yana haura 40. A nan tukunyar ƙasa ke shigowa.

Ki samu tukwane biyu marasa fenti, babba da ƙarama. Ki zuba yashi a gindin babbar, ki zaunar da ƙaramar ciki, ki cike tsakaninsu da yashi har baki, ki jiƙa shi sosai. Kwalbar ta shiga roba mai murfi, robar ta shiga ƙaramar tukunya, a rufe da jiƙaƙƙen zane. A ajiye a inuwa inda iska ke ratsawa, a ƙara ruwa safe da yamma. Ruwan da ke tsattsafowa ta jikin tukunya yana bushewa, shi ke jan zafin waje, yadda randa ke sanyaya ruwan sha. Da damina, iska ta yi laima, aikinta yana raguwa. Kada a tsoma kwalbar cikin ruwa: takardar jikinta za ta saɓule, datti kuma ya taru a robar da allura ke hudawa.

Akwai abin kwantar da hankali. A 2021 ƙungiyar likitocin agaji ta MSF da Jami'ar Janeba sun fitar da binciken da ya kwaikwayi yanayin sansanin ƴan gudun hijira na Dagahaley a Kenya, inda zafi ke hawa da sauka tsakanin digiri 25 da 37. Insulin ta yi mako huɗu ba ta rasa ƙarfin a zo a gani ba. Sanyin dare yana taimaka mata. Amma wannan ba lasisin barinta a taga ba ne, ko cikin motar da aka rufe a rana, ko aljihun babur. In tafiya ta kama zuwa Yamai, ta zauna a jakar hannunki, kada ta bi kaya zuwa saman mota ko ƙasanta.

Ranar da kika buɗe kwalba, ki rubuta kwanan wata a jikinta. Mutane na raina wannan. Kwalbar mililita 10 galibi tana ɗauke da inite 1000 (inite shi ne ma'aunin adadin insulin). Yaron da ke karɓar inite 20 a rana zai kai kwana 28 da kusan rabinta a ciki. Zubar da ragowar da ciwo, ga tsada, amma insulin da ta wuce wa'adinta na iya jawo hawan sukarin da ba a san dalilinsa ba. Idan mai siffar alƙalami ce, a cire allurar bayan kowace huda, kar iska ta shiga ko magani ya ɗiga.

Kafin kowace allura ki ɗaga ta ga haske. Mai saurin aiki, irin Actrapid, garau take kamar ruwa. In ta yi gizo ko ta canza launi, a jefar. Mai farin ruwa, irin Insulatard ko Mixtard, a murza ta a tafin hannu kamar sau 10, ba jijjigawa ba, har ta haɗe kamar madara. Gudaje ko farin abu manne a gilashi alamar lalacewa ne.

Idan sukarin yaron ya yi ta hawa kwana biyu alhali abinci da allura ba su canza ba, ki buɗe sabuwar kwalba, ki sanar da likitansa, kada ki ƙara masa adadi da kanki. Ranar da kuma kika ga amai, ƙishirwa mai tsanani, ciwon ciki ko numfashi sama-sama, a kai shi asibiti nan take, ki tafi da kwalbar a duba ta.