Amsa ga ƙanena mai son zuwa Sifen karatun tsiro mai cin ƙwari

Wa'alaikumus salam ƙanena. Ka ce ka gama digiri a fannin tsirrai, kana son zuwa nan Sifen ka yi mastas akan Pinguicula, tsiron nan mai cin ƙwari, yadda take bambanta daga wani wuri zuwa wani a daji, kuma ka tara hotunanta da yawa daga intanet kana tambaya ko zasu taimaka maka wajen samun gurbi. Gaskiya ba zasu taimaka ba, don abinda ido ke gani shine yake yaudarar mutane a wannan fannin.

Ɗauki wadda ake kira vallisneriifolia, tana fitowa a jikin duwatsun farar ƙasa na Cazorla a lardin Jaén, inda ruwa ke tsattsafowa, ganyenta dogaye suna reto, duk jikinsu danƙo ne da ƙananan ƙudaje ke maƙalewa sai ganyen ya narkar dasu ya sha. A dutse ɗaya zaka ga ta inuwa daban ta rana daban, har ka rantse iri biyu ne. Regino Zamora na Jami'ar Granada yayi aiki akanta tun shekarun 1990, ya nuna a cikin inuwa ƙwari sun fi yawa amma danƙon bashi da ƙarfin riƙe su, a rana kuma danƙo ya kama sosai amma ƙwarin ne babu, ga wasu ƙananan halittu dake zuwa su kwashe abinda ganyen ya kama. Toh kaga bambancin nan ba lallai gado bane, sau da yawa wurin zama ne ya jawo.

Shi yasa aikin gaske shine ka ɗebo iri daga wurare daban daban ka shuka su waje ɗaya, ƙasa ɗaya ruwa ɗaya haske ɗaya, in bambancin ya dawo to yana cikin jini, in ya ɓace muhalli ne, sannan a haɗa da gwajin DNA a lab. Wannan shine abinda malami yake so ya ji ka gane a imel ɗinka na farko, ba "ina sha'awar tsirrai tun ina yaro" ba, wallahi irin wannan ko buɗewa basa yi.

Kuma kar kayi tunanin zaka hau dutse ka tsinko abinka. Cazorla wurin da aka killace ne, sai da takardar izini daga gwamnatin Andalusiya, yankin da Cazorla take ciki, kuma malaminka ne zai nema maka. Fure ma lokaci ne dashi, wajen Mayu da Yuni, in ya wuce ka sai baɗi. Idan bambanci kake so da gaske Meziko ce uwar ɗakin Pinguicula, kusan rabin nau'o'in duniya suna can, nau'in da ake kira moranensis kaɗai ya ishi mutum ciwon kai saboda yawan bambancinsa. Can ma Sifaniyanci zaka yi, don haka fara koya tun yanzu, ka haɗa da ƙididdiga da manhajar R.

Abu ɗaya da zaka iya tun kana gida, babu Pinguicula a Najeriya amma akwai 'yar uwarta Utricularia a fadamu da kududdufai da damina, dangi ɗaya ne. Ka zaɓi kududdufi uku ko huɗu, ka auna tsayi da fure, ka rubuta yanayin ruwan kowanne, ka liƙa sakamakon a imel ɗin. Turo min in duba kafin ka aika. Ka gaida su Baba.