Ciwon ɓarin kai ga mai ƙananan yara

Sannu 'yar'uwa, Allah ya ba ki lafiya. Kin ce ciwon ɓarin kai na kama ki, ga yara biyu ƙanana, ga mai shan nono, ba mai kama miki. Wallahi na san wannan, ni ma na sha kwanciya a ɗaki da duhu na ɗaure kai da ɗankwali, ƙaramar tana jan zanina tana kuka ni kuma ko hasken waya ba na iya kallo.

Abin da ya fi taimaka min, kar ki jira ya yi ƙarfi, da kin ji alamarsa ko kin fara ganin walƙiya-walƙiya a ido ki sha maganin nan take. Paracetamol da ibuprofen ba su da matsala ga mai shayarwa, amma aspirin ki bar shi. Kuma in kina sha har kwana 15 a wata shi kansa maganin yana jawo ciwon kai, sai kin ga likita.

Yunwa da rashin bacci da ƙarancin ruwa suna tayar da shi, mu kuma iyaye mata sai mu ciyar da kowa mu manta kanmu. Ki ajiye gorar ruwa kusa da inda kike shayarwa. Ki yi magana da maƙwabciya tun kina lafiya, ranar da ya taso ta ɗauke miki babban ko awa biyu ne.

In kina ganin walƙiyar nan kuma kina shan ƙwayar tazarar haihuwa, don Allah ki faɗa wa likita, wasu ba su dace da ke ba.