Garantin sabuwar mota da yadda ake cinikinta: amsa ga ɗan kasuwa mai yawan tafiya

Tambaya: Ni ɗan kasuwa ne mai rarraba kaya ga shaguna, kuma na yanke shawarar sayen sabuwar mota domin tsohuwar ta fara cinye mini riba a gareji. Wakilin kamfani ya ba ni farashi tare da garantin shekara 3 ko kilomita 100,000, ya ce idan na ƙara kuɗi za a mayar da shi shekara 5. Wani dila mai shigo da motoci da kansa ya rage mini kashi 8 cikin 100 a kan irin motar, amma garantinsa na shekara 1 ne. Nakan yi tafiyar kilomita 4,000 a wata. Wurin wa zan saya, kuma yaya zan yi cinikin?

Amsa: Alhaji, abin da ya fi komai muhimmanci a tambayarka shi ne tafiyar da kake yi a wata, domin ita ce za ta nuna maka tsawon garantinka na gaskiya. A takardar garanti, bayan shekaru da kilomita, akwai sharaɗin da masu sayarwa ba su cika ɗaga murya a kansa ba, wato duk wanda ya riga cika a cikin biyun shi ne ƙarshen alkawari. Kai da kake cin kilomita 4,000 a wata za ka cika 100,000 a cikin wata 25, saboda haka shekara 3 da aka faɗa maka shekara 2 ce da wata guda. Haka tsarin yake kusan ko'ina: Toyota na ba da shekara 3 ko mil 36,000 a Amurka, Kia kuma na ba da shekara 7 a Turai amma da iyakar kilomita 150,000.

Da wannan ma'auni za ka auna ƙarin garantin da ake tallata maka. Shekara 5 ɗin yawanci daga ranar da aka miƙa maka mota ake ƙirga ta, ka ga shekara 2 kaɗai aka ƙara a kan abin da ka riga ka samu kyauta. Idan kuma iyakarsa kilomita 150,000 ce, za ka cinye ta kafin wata 38, wato ka biya kuɗin shekara 2 ka mori shekara 1. Ka tambaya a rubuce: nawa ne iyakar kilomita, kuma wa zai biya idan mota ta lalace, kamfanin da ya ƙera ta ne ko wani kamfani dabam da zai iya rufe ofis kafin ka buƙace shi? A ganina kada ka saye shi ranar ciniki, domin a yawancin lokuta ana iya sayensa daga baya muddin garantin farko bai ƙare ba, kuma jarin ɗan kasuwa gara yana juyawa da ya kwanta yana jiran matsalar da ba ta zo ba.

Akwai wani sharaɗi da ya fi damuna game da kai. Garanti yana ɗaukar lahanin da ya fito daga ƙira ne, kamar inji ko giya ko na'urorin lantarki da suka gaza ba da laifinka ba. Ba ya ɗaukar abin da ke cinyewa da aiki, irin su taya, birki, kuloci da robar goge gilas, kuma ba ya ɗaukar ɓarnar da lodi fiye da kima ko gurɓataccen mai ya jawo. Kamfanoni da dama kuma suna rage garantin motar da aka sa a haya ko aikin kasuwanci, don haka ka faɗa wa wakilin aikin da motar za ta yi, ka sa ya nuna maka da yatsa layin da ya yi magana a kai. Ka duba littafin motar ma, za ka ga an ware jadawalin juyen baƙin mai na kusa-kusa ga motar da ke aiki cikin ƙura ko ɗaukar nauyi, kuma wannan jadawalin shi ne naka. Kowane juye ka karɓi rasit mai kwanan wata da adadin kilomita, ka adana, domin ranar da inji ya buga, abin da za a fara nema ke nan. A Amurka dokar Magnuson-Moss ta 1975 ta hana kamfani soke garanti don kawai an yi gyara a wani gareji, amma ba kowace ƙasa ke da irin wannan kariya ba, saboda haka ka san abin da takardarka ta ce kafin ka kai wa makanikenka.

Game da dilan mai rahusa, ka karɓi lambar shasi ta motar, mai haruffa da lambobi 17, ka kai wa wakilin kamfani ya duba ko garantinta yana aiki a ƙasarka. Sau da yawa garanti yana ɗaure ne da yankin da aka ƙera motar dominsa, wani lokaci kuma ya riga ya fara ƙirga tun ranar da dilan ya saye ta. Idan wakilin ya ce ba ruwansa da ita, to alkawarin mutum ɗaya ne kawai a hannunka, kuma gyaran giya guda yana iya lashe ragin nan ko mafi yawansa, ban da kwanakin da kaya za su zauna ba a kai wa abokan ciniki ba. Ni dai wurin wakilin zan saya, amma da takardar farashin dilan a hannuna.

A wajen ciniki, ka nemi jimillar kuɗin da za ka biya har mota ta fita daga harabarsu, da haraji da rajista da kuɗin kawowa, duka a takarda ɗaya, domin a ƙananan caje-cajen nan ake mayar da ragin da aka yi maka. Ka raba magana uku, kada ka bari a cakuɗa su: farashin sabuwa, kuɗin da za a sayi tsohuwarka idan musaya za ka yi, da sharuɗɗan biya kaɗan-kaɗan. Idan mai sayarwa ya tambaye ka nawa za ka iya biya a wata, ka mayar da shi kan jimilla, domin ana iya rage kuɗin wata ta hanyar tsawaita bashi alhali abin da za ka biya a ƙarshe ya ƙaru. Ka je kusa da ƙarshen wata ko ƙarshen shekara, lokacin da suke neman cika adadin da kamfani ya ɗora musu, ka kuma tambayi ko akwai ragowar samfurin bara da ba a taɓa yi wa rajista ba. Idan sun ƙi sauka a farashi, ka nemi juyen mai na farko uku ko huɗu kyauta, wanda ga mai tafiya irin taka kuɗi ne na zahiri. Kada ka ajiye kafin alƙalami sai an rubuta lambar shasin motar, da ranar miƙa ta, da cewa za a mayar maka da kuɗinka idan ranar ta wuce.