Tambayoyin Masu Karatu: Sandunan Sabis Sun Cika, Amma Intanet Ta Ƙi Tafiya

Wasiƙun da suka iso wannan fili a wannan watan galibinsu daga Kebbi da Zamfara suka fito, kuma kusan dukkansu kan waya da intanet suke, saboda haka muka tattara su wuri guda.

TAMBAYA: Malam, ina sana'ar POS a kasuwar Jega. Ranar kasuwa wayata da na'urar cire kuɗi duk suna nuna sanduna cike, ga alamar 4G a sama, amma sai mai ciniki ya gaji da tsayuwa kuɗi bai fita ba, alhali da asuba komai yana tafiya lafiya lau. Wani abokina ya ce in sayi sabuwar na'ura. Ko laifinta ne?

AMSA: Ɗan'uwa, kada ka yi gaggawar kashe kuɗinka, domin na'urar da ke aiki da asuba ba ta lalace ba. Sandunan da kake gani abu ɗaya tak suke aunawa, wato ƙarfin siginar da ke tsakanin na'urarka da ƙarfen sabis ɗin da ta kama. Ba su faɗa maka yawan mutanen da ke kan ƙarfen a wannan lokaci, kuma ba su san halin da hanyar da ke bayansa take ciki ba. Kowane ƙarfe yana da iyakar bayanan da zai iya ɗauka a cikin daƙiƙa ɗaya, kuma wannan iyaka ita ake rabawa tsakanin duk masu amfani da shi. Kusancin gidan mutum da rijiya ba ya hana shi tarar da dogon layi idan unguwa duka ta fito ɗiban ruwa. Da asuba kai da mutane ƙalilan ne a kai, amma da hantsin ranar kasuwa, lokacin da fatake da direbobi da masu sayen albasa suka cika gari kowa da wayarsa a hannu, rabon da ya iso gare ka sai ya ragu ƙwarai.

Bayan wannan kuma akwai sauran tafiya mai tsawo, wadda mafi yawan mutane ba su san da ita ba. Daga ƙarfen, saƙonka yana bin wayar faiba da aka binne a ƙasa, wadda zaren gilashi ce mai ɗaukar bayanai ta hanyar haske, ko kuma ya bi ta farantan nan masu kama da ganga da ake ɗaurawa a jikin ƙarfe suna fuskantar wani ƙarfen, har ya isa cibiyar kamfanin, daga nan ya wuce banki. Idan abin da ake nema yana ƙasar waje ne, sai ya gangara Legas ya shiga wayoyin da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku, irin su MainOne da Glo-1 da suka fara aiki a 2010. Ranar 14 ga Maris 2024 wasu daga cikin irin waɗannan wayoyi suka tsinke a cikin teku daura da gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna da dama a Najeriya suka shiga tangarɗa, alhali sandunan wayoyin jama'a suna nan cike. Haka nan idan masu gyaran titi suka datse faiba da motar haƙa, ko ɓarayi suka sare ta, gari guda yana iya rasa intanet. Abin ya kai ga a 2024 gwamnatin tarayya ta sanya kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da doka ta ba kariya ta musamman, kuma a ganina matakin ya dace, ko da yake an daɗe ana jiransa.

Shawarata ita ce ka riƙe layuka biyu na kamfanoni daban-daban, ka gwada su a rumfarka a daidai lokacin cunkoso, ka ga wanda ya fi jurewa. Sai dai ka sani cewa kamfanoni sukan yi tarayya a ƙarfe ɗaya da suke haya, don haka idan man janareton wurin ya ƙare, layukan biyu suna iya ɗaukewa tare.

TAMBAYA: Ni malamar firamare ce a Argungu. Mene ne bambancin 2G da 3G da 4G da 5G? Kuma gaskiya ne 4G ta fi shan data? Tun da na sauya waya giga ɗaya ba ta kai mini mako.

AMSA: Malama, waɗannan lambobi matakai ne na ci gaban fasahar waya, kowane ya gaji na gabansa. 2G ta fara aiki a Najeriya a watan Agustan 2001, bayan hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta yi gwanjon lasisi a farkon shekarar a kan dala miliyan 285 kowane, kuma ƙarfinta kira ne da rubutaccen saƙo; ita ce alamar E da kike gani idan kin shiga ƙauye. 3G ta kawo intanet mai ɗan dama, 4G ta sa kallon bidiyo ya yi sauƙi, 5G kuwa an yi gwanjon zangonta, wato ɓangaren igiyar rediyo da siginarta ke bi, a Disambar 2021, MTN ya fara ta a 2022. Zangon da 5G ke amfani da shi a nan, wato gigahaz 3.5, yana ɗaukar bayanai da yawa amma ba ya cin nisa kuma bango yana raunana shi, shi ya sa aka fi samunta a manyan birane, yayin da ƙananan zanguna irin megahaz 800 da 900 suka fi amfanar karkara.

Batun shan data kuwa, hoton da nauyinsa ya kai megabait 2 nauyinsa ɗaya ne ko ta 3G aka sauke shi ko ta 4G. Abin da ke faruwa shi ne manhajoji irin YouTube da Facebook da TikTok suna lura da saurin layinki, da zarar sun ga yana da gudu sai su ƙara wa bidiyo kyau da kansu, bidiyo mai kyau kuma ya fi nauyi nesa ba kusa ba. Ana auna gudun layi da megabit a daƙiƙa, ana sayar da data da megabait, kuma megabit 8 ne ke yin megabait 1. Ke nan layin da ke gudun megabit 8, idan aka sake shi ba tsayawa, zai cinye giga ɗaya cikin minti 17 ko kusa da haka. Ki shiga saitin waɗannan manhajoji ki rage ingancin bidiyo, ki hana WhatsApp sauke hotuna da bidiyon zauruka da kansa, sannan ki riƙa duba ragowar datarki ta *323#.

TAMBAYA: Ni dattijo ne mai fataucin hatsi a Kamba. Wani lokaci ina zaune a ƙofar gidana sai in ga sunan wani kamfanin Nijar a wayata, kati kuma ya ƙare da wuri. Yaya aka yi haka ban ƙetare iyaka ba?

AMSA: Baba, Allah ya ƙara girma. Siginar waya ba ta tsayawa a shingen kan iyaka, kuma Kamba tana dab da Nijar, saboda haka idan ƙarfen wannan ɓangare ya yi rauni wayarku takan koma kan na can da kanta. Daga wannan lokaci kamfaninku yana lissafa ku a matsayin wanda ya fita ƙasar waje, farashin kira ya hau, wani lokaci har amsa kira ma sai an cire kuɗi. Mutanen yankin Bagudo da ke maƙwabtaka da Benin su ma sukan gamu da haka. Ku sa ɗaya daga cikin yaranku ya shiga wurin zaɓen netiwok a saitin wayar, ya cire zaɓin da wayar ke yi da kanta, ya zaɓi kamfaninku na Najeriya da hannu. Ranar da za ku tafi Gaya ta Nijar sai a mayar da shi yadda yake.

TAMBAYA: Ni ɗalibi ne a Gusau. Tun da aka rufe layukan waya a jiharmu a Satumbar 2021 nake tunanin intanet ta tauraron ɗan'adam. Ita ma tana buƙatar ƙarfen sabis? Kuma me ya sa wani lokaci WhatsApp ke aiki amma shafuka su ƙi buɗewa?

AMSA: Ɗana, wannan rufewa ta nuna wa kowa cewa waya komai tsadarta ba ta da amfani idan aka kashe ƙarfe, har mutane suka riƙa tafiya wasu jihohi don kiran 'yan'uwansu. Intanet ta tauraro ba ta bi ta ƙarfen unguwa. Farantin da aka kafa a rufin gida yana magana da tauraron kai-tsaye, shi kuma ya miƙa wa tashar ƙasa. Tsofaffin taurarin sadarwa suna nisan kilomita kusan 36,000, shi ya sa ake jin jinkiri kafin amsa ta dawo, amma na kamfanin Starlink, wanda ya fara aiki a Najeriya a Janairun 2023, suna kusan kilomita 550 ne, don haka jinkirinsu kaɗan ne. Kayan suna da tsada, suna buƙatar wuta da sararin sama a buɗe, ruwan sama mai ƙarfi yana rage musu gudu, kuma su ma da lasisin NCC suke aiki.

Tambayarka ta biyu tana da dalilai biyu da aka fi samu. Ko dai datar da ka saya ta kafafen sada zumunta ce kawai, ko kuma matsalar tana wurin DNS, wato tsarin da ke mayar da sunan shafi zuwa adireshin IP, jerin lambobin da kwamfutoci ke gane juna da su. Ka fara duba irin datar da ka saya, sannan ka kashe wayar ka kunna. Idan abin ya ci gaba ka kira kamfaninka ta 300 ka karɓi lambar ƙorafi, in ba su gyara ba ka kai ƙara NCC ta 622, kiran kyauta ne.