Zan shiga tseren keke na kwana shida, shin in riƙa shan maganin ciwo kafin kowane zango?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ina zaune a Jidda, shekarata 34, na yi rajistar Titan Desert, gasar tseren keke ta hamadar Maroko. Duk sanda na haɗa kwana uku ina hawan tsauni a Ɗa'ifa, gwiwata ta dama sai ta kama ciwo ta gaba. Abokan hawana sun ce in riƙa haɗiye Brufen biyu kowace safiya, wani kuma ya ce tramol ya fi. Ina tsoron kada in fita daga gasar a rana ta uku bayan duk kuɗin da na kashe.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ciwon gaban gwiwa ga mai keke, sau da yawa sirdi ne ya yi ƙasa, ko kana danna giya mai nauyi a hawa. Ɗaga sirdin da milimita 3 zuwa 5, ka duba zaman ƙarfen takalminka a kan feda, ka sauko da giya har ƙafarka ta riƙa juyawa sau 80 zuwa 90 a minti. In mako biyu suka wuce bai lafa ba, a duba gwiwar.

Maganar ƙwayar nan ce ta sa na ajiye sauran tambayoyi na ɗauki taka. Kusan kullum sai na ji ta, wai Brufen ai ba magani ba ne, kowace saidaliyya, wato kantin magani, ana sayarwa ba takarda. To saurara. In kana tuƙi a rana, zufa na iya fita lita ɗaya zuwa biyu a awa, jini kuma ya koma ga cinyoyi da fata, ƙoda ta samu ɗan abin da ya rage. Abin da ke ceton ta a lokacin shi ne wasu sinadarai da jiki ke saki, furostagilandin, masu buɗe jijiyar da ke kai mata jini. Aikin Brufen da Voltaren da danginsu shi ne toshe waɗannan sinadaran. Wato ƙoda tana cikin ƙishi, kai kuma ka je ka ƙulle mata famfo. A tseren yini ɗaya mutum na iya tsira, ya yi barci ya farfaɗo. Amma wannan gasa da ake yi tun 2006 zango shida ce, kusan kilomita 600 cikin duwatsu da yashi, gobe da asuba za ka sake hawa da raunin jiya. Ga naman jiki yana farfashewa yana zubar da dattinsa cikin jini, shi ma ƙodar ce za ta tace. Ƙwayar tana kuma sa jiki riƙe ruwa, gishirin jini ya faɗi, ga gyambon ciki. Na taɓa karɓar matashi lafiyayye da fitsarinsa ya koma launin baƙin shayi bayan irin wannan, kuma abokinsa ne ya ba shi shawarar, abokin da bai taɓa ganin injin wankin ƙoda ba.

Shi kuwa mai tramol, ban san ko zai raka ka gidan yari ba. A nan Saudiyya mallakarsa ba takardar likita laifin miyagun ƙwayoyi ne, kai da ke zaune da iƙama, takardar izinin zama, ka san abin da ke biyo baya. Hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta haramta shi a gasa tun Maris 2019, WADA, hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya, ta bi sahu a Janairu 2024. Yana kawo jiri da gyangyaɗi, yana iya tayar da farfaɗiya. Ka kwatanta kanka kana gangarowa kan tsakuwa, birki a hannu, kai yana juyawa. Ciwon ma bai tafi ba, ƙararrawar kawai ka cire wa batir, gwiwar tana ci gaba da lalacewa. Masu rarraba waɗannan shawarwari a WhatsApp, wallahi sai Allah ya tambaye su, don jikin da suke wasa da shi amana ne.

Abin da ke kai mutum rana ta shida ci ne da barci. Ka riƙa cin giram 60 zuwa 90 na sitaci ko sukari kowace awa a kan keke, dabino ya wadatar a farko, ka sha ruwa mai ɗan gishiri gwargwadon ƙishinka. Da ka sauka ka ci shinkafa da laban, wato nono, kafin ka tsaya hira. Zafin Jidda ribarka ce, kwana 10 zuwa 14 na atisaye cikin zafi suna sabar da jiki, amma da gorar ruwa, ba da ƙishin ganganci ba. Kwana biyun farko ka bar masu zumuɗi su wuce, za ka tarar da su a gaba.

In ciwo ya matsa a sansani, je tantin likitocin gasar. Farasitamol ya fi sauƙi ga ƙoda, kada ya wuce giram 4 a yini. In fitsari ya yi duhu ko ya ɗauke, ko ka fara amai da ruɗewa, kada ka hau keken washegari.