Amsa ga ɗan'uwan da aka yi wa tayin aiki a gonar inabi

Ɗan'uwa, da na karanta tambayarka a kan aikin hutu da aka yi maka tayi a wata gonar inabi kusa da garin Blenheim na ƙasar New Zealand, da kuma ko akwai yankin da ya fi sauƙi, sai na tuna halin da na shiga a shekarata ta farko ta karatu a New Zealand.

A watan Yuli na je Marlborough, yankin da Blenheim ke ciki, tsakiyar hunturunsu, lokacin datse rassa. Kafin gari ya waye muke isa kwarin Wairau, raɓa ta daskare a kan wayar da ake ɗaure rassa a kai, yatsuna sun ƙage har ba na jin almakashin da ke hannuna. Ɗan kwangilar da ya ɗauke mu yana biya ne bisa yawan itacen da ka datse, amma ranar biya sai ya zaftare min kuɗin layuka biyu na itacen, wai ban ɗaure rassan daidai ba, alhali a gabansa na ɗaure su bai ce uffan ba. Na zauna a bayan motarsa hawaye na zuba, ga kuɗin haya na jirana. Har yau ina jin ciwon abin, domin sai daga baya na san cewa dokar ƙasar ta wajabta a cika wa ma'aikaci mafi ƙarancin albashin awa ko da aikin jinga yake yi. Don Allah ka riƙa rubuta awanninka da layukanka kullum, kuma kada ka fara sai da takardar yarjejeniya.

Ka sani kuma inabin nan ba na ci ba ne, na giya ne. Kusan kashi 70 cikin 100 na gonakin inabin ƙasar suna Marlborough, galibinsu na irin inabin da ake kira Sauvignon Blanc, wanda sanyin dare ke riƙe masa tsami. Ni zuciyata ba ta taɓa natsuwa da wannan ba, kuma da na tambayi malami tun farko da na huta.

Batun sauƙi kuwa, yankin Central Otago inda ake noman inabin Pinot Noir ta fi sanyi nesa ba kusa ba, Hawke's Bay mai inabin Merlot da Syrah ce ke da ɗan ɗumi. Daga ƙarshe tsinkar 'ya'yan itacen ceri na koma a garin Cromwell da ke Central Otago cikin Disamba da Janairu, kuma a can ne na samu kuɗin da na biya bashin hayata.